Me Ya Sa Tsohuwar Mota Ta Fi Lalacewa a Ajiye? Darasi Daga Wata Fijo a Gyallesu

Akwai wata farar Peugeot 504 a gidan kawuna da ke Gyallesu, ƙirar farkon shekarun 1980. Tana ƙarƙashin rumfar kwano, an lulluɓe ta da tamfol, ba ta fita sai da dalili: ranar Sallah, ko ɗaurin auren ɗan gida, ko naɗin sarautar wani na kusa. Duk ranar da ta fito kuwa, daga Tudun Wada har Ƙofar Doka sai ka ga dattawa suna nuna wa yaransu ita, matasa na ɗaukar hoto da waya.

A wata ƙaramar Sallah da ta wuce, motar ta ƙi tashi. Aka sa mata sabon batir, ta tashi tana tari da baƙin hayaƙi. Muka kama hanyar cikin gari don kallon hawa, muka shiga cunkoso. Ba mu yi nisa ba kawu ya taka birki, sai ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka soso. Allah Ya kiyaye tafiyar a hankali ake yi, ya ja birkin hannu, muka tsaya dab da wani mai babur. Da muka dawo gida tambaya ɗaya ya yi ta maimaitawa: "Motar da ba a taɓa ta, me ya ci ta?"

To, mai karatu, amsar wannan tambaya ce za mu bi a yau. Idan kana da irin wannan mota a gida, ko kana sha'awar mallakar ta, akwai abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka ɗauki iyali a cikinta ka shiga taron jama'a.

Wace mota ce ake kira ta tarihi?

Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30, an adana ta a kamanninta na asali, kuma ba ita ce ake zirga-zirgar yau da kullum da ita ba. A Ingila duk watan Nuwamba ana jerin gwanon motocin da aka ƙera kafin 1905, daga Landan zuwa Brighton. A birnin Habana na ƙasar Kyuba, motocin Amurka na shekarun 1950 har yanzu suna ɗaukar baƙi.

Mu a nan Arewa, motar da ta fi zama tarihinmu ita ce Fijo. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, ita ce wadda a-kori-kurarta ta yi dakon hatsi da mutane a kasuwannin ƙauye. Sai 504 ta fito a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, kuma an ci gaba da fitar da 504 a Najeriya har zuwa 2006, shekaru da dama bayan Turai ta bar ta. Shi ya sa har gobe ake samun kayan gyaranta a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma akwai tsofaffin kanikawa a Zariya da suka san cikinta kamar yunwar cikinsu. Banda ita akwai Volkswagen ɗin nan da ake kira kunkuru, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas, da kuma tsofaffin Marsandi.

Wurin nuna su a wajenmu shi ne bukukuwa: hawan Sallah, rakiyar ango, kai amarya. Wato mota ce mai yin wata da watanni a tsaye, sannan a fito da ita rana ɗaya a sa ta aiki mafi wahala. Nan matsalar take.

Batir: yana mutuwa ko ba a taɓa shi ba

Batirin mota tsohuwar fasaha ce, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859. A cikinsa akwai farantan dalma da aka jiƙa a ruwan asid. Duk lokacin da batir ya ba da wuta, wani farin gishiri mai suna salfet yana taruwa a jikin farantan. Idan injin yana aiki yana yi masa caji, gishirin sai ya narke ya koma cikin asid. Amma idan aka bar batir babu caji tsawon makonni, gishirin yana daskarewa ya yi tauri yadda caji ba zai iya narkar da shi ba. Daga nan ko ka kwana kana caji, ba zai riƙe wuta ba.

Kuma batir yana zubar da cajinsa da kansa a hankali, ko da an cire wayoyinsa. Zafi yana ƙara saurin wannan, domin a ilimin sinadarai, ƙarin digiri 10 na zafi kan ninka saurin haɗuwar sinadarai kusan sau biyu. Ka tuna yadda ƙarƙashin rumfar kwano yake a watan Afrilu a Zariya.

Da 'yar mitar auna wuta za ka gane halin da yake ciki. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6. Idan ya sauka 12.2, rabi ya tafi. Ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Idan motar za ta daɗe a tsaye, cire wayar kan batir mai alamar ragi, ka riƙa yi masa caji duk wata. In ruwansa ya ragu, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba asid ba, ba kuma ruwan leda ba.

Fetur yana tsufa

Mutane da yawa suna zaton fetur kamar gishiri yake, ko shekara nawa ya yi yana nan yadda yake. Ba haka ba ne. Fetur gauraye ne na sinadarai masu yawa, wasu marasa nauyi masu saurin zama tururi, wasu masu nauyi. Marasa nauyin su ne suke fara kama wuta idan ka murɗa makulli da safe, kuma su ne suke fara gudu idan mota ta zauna. Abin da ya rage sai ya haɗu da iskar oksijin ya zama wani abu mai danƙo kamar ƙaro, mai launin ruwan shayi.

A tsohuwar mota wannan danƙon babbar matsala ne saboda kafireto. Ga yadda kafireto yake aiki: iska tana bi ta cikin wani bututu mai ƙuntataccen wuya. Idan ta zo wuyan sai ta ƙara gudu, idan ta ƙara gudu matsinta sai ya ragu, sai ta zuƙo fetur daga wani ɗan ƙoƙo ta wata ƙaramar ƙofa mai kama da kafar allura. Masanin lissafi Daniel Bernoulli ya bayyana wannan alaƙa ta gudu da matsi tun a 1738. Idan ka taɓa amfani da tsohon famfon feshin maganin sauro, to ka ga irin wannan dabarar.

Injin fetur yana son kusan kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na mai. Motar zamani tana da kwamfuta da na'urorin da suke auna wannan a kowane lokaci suna gyarawa. Kafireto ba shi da kowa, girman 'yar ƙofar nan kawai ya dogara da shi. Danƙo kaɗan ya toshe ta, sai mota ta riƙa tari, tana mutuwa a silo. Idan kuma danƙon ya riƙe allurar da ke tsayar da mai a ƙoƙon, mai sai ya yi ambaliya, ka ga baƙin hayaƙi da filogi masu baƙin toka. Abin da ya sami motar kawu ke nan.

Akwai kuma batun tiyon mai. Robar da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ba ta jure fetur mai gaurayen sinadaran dangin barasa kamar etanol da metanol. Ka tuna watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan metanol Najeriya, motoci da dama suka lalace. Tsohon tiyo da ya tsage a saman inji mai zafi gobara ce ke jiran lokaci. Canza shi ba tsada, kuma kada motar ta fita babu tukunyar kashe gobara.

Man dalma da aka daina

Yawancin waɗannan motoci an ƙera su ne a zamanin da ake zuba sinadarin dalma a fetur, abin da aka fara sayarwa a Amurka a 1923. Dalmar tana hana inji ƙwanƙwasa, tana kuma shimfiɗa wani ɗan rufi a mazaunin bawul. Amma guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma mu a Arewa mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, duk da cewa wancan daga haƙar zinare ne. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma a farkon 2006, duniya gaba ɗaya kuma ta daina sayar da shi ga motoci a 2021.

Ga mai tsohuwar mota, abin lura shi ne a riƙa duba tazarar bawul lokaci zuwa lokaci. Idan kanike ya ga tazarar tana raguwa duk zuwa, alama ce mazaunin bawul yana cinyewa, sai a sa masa mai tauri. Motar da ake tuƙawa a hankali, ba a dogon gudu da kaya, ba kasafai wannan ke damun ta ba.

Ƙurar hunturu

Yi wannan lissafin. Lita ɗaya ta fetur tana buƙatar iska tsakanin lita 9,000 zuwa 10,000 kafin ta ƙone. Wato kafin ka ƙona lita 50, injinka ya shaƙi iska kusan lita rabin miliyan. A lokacin hunturu iskar nan tana ɗauke da ƙurar da ta taso daga hamada, musamman kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. A cikin ƙurar akwai ɓarɓashin yashi wanda ya fi ƙarfen cikin inji tauri. Idan ya shiga tsakanin fistin da bangon silinda, aikin sanfefa yake yi.

Abin da ke tsakanin injinka da wannan yashi shi ne matatar iska kawai. Wasu tsofaffin motoci suna da irin wadda ake zuba baƙin mai a gindinta, ƙura ta faɗa ta manne. Wannan wankewa ake yi a sake mai. Ta takarda kuwa canzawa ake yi. Za ka ga wasu sun cire matatar gaba ɗaya wai don mota ta "yi numfashi". Numfashin da zai kai ta ga sauke inji ke nan.

"Ina tayar da ita duk safiya"

Kawu ya ce ai yakan tayar da motar minti biyar jefi-jefi don kada ta mutu. Niyyar mai kyau ce, amma ga abin da ke faruwa. Idan lita ɗaya ta fetur ta ƙone, tana samar da ruwa kusan lita ɗaya, a matsayin tururi. Idan inji da salansa sun yi zafi sosai, tururin yana ficewa. Idan suna da sanyi, sai ya koma ruwa ya kwanta a cikin salansa, wani kuma ya zurare cikin baƙin mai tare da ɗanyen fetur. Ruwan nan yana haɗuwa da ragowar hayaƙi ya zama asid mai cin ƙarfe. Bugu da ƙari, wutar da sitata ya ja wajen tayar da injin, minti biyar a silo ba lallai ya mayar wa batir ita ba.

Abin da ya fi shi ne a fito da motar duk mako biyu a yi tafiyar minti 20 zuwa 30, misali daga Gyallesu zuwa Samaru a dawo. Mai zai yi zafi ya kori ruwa, batir ya samu caji, birki da kuloci su motsa, tayoyi su canza wurin zama. Baƙin mai kuma a canza shi aƙalla sau ɗaya a shekara ko da ba a yi nisa ba. Tsofaffin injuna sun fi dacewa da mai kauri irin 20W-50.

Kuma kada ka taɓa barin ta tana aiki a rufaffen gareji ko zaure. Waɗannan motoci ba su da na'urar tace hayaƙi, suna fitar da iskar kabon monoksaid mai yawa, irin wadda ke kashe mutane a ɗakin da aka kunna janareta. Ba ta da wari, ba ta da launi.

Birki: abin da ya kusa jawo mana hatsari

Birkin mota yana aiki ne bisa ƙa'ida ɗaya: ruwa ba ya matsuwa. Idan ka taka, ƙarfin ƙafarka yana bi ta cikin man birki ya isa ƙafafu huɗu nan take. Tururi kuwa yana matsuwa. Da zarar kumfar tururi ta shiga layin, ƙafarka kumfar kawai take matsawa.

Ina tururin yake fitowa? Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana zuƙar laima daga iska kamar yadda gishiri yake yi da damina. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya wuce digiri 205. Idan ya sha ruwa kusan kashi 3.7 cikin 100, ma'aunin yana saukowa wajen digiri 140. Wannan ruwan kuma yana sa fistin ɗin birki tsatsa daga ciki.

Da kanike ya kwance motar kawu, ya tarar fistin ɗin ƙafar gaba ya maƙale saboda tsatsa. Tun da muka bar gida birkin yana gogar faranti ba tare da an taka ba, zafi yana taruwa, har tsohon man da ya yi shekaru ba a canza ba ya tafasa. Bayan awa ɗaya da ya huce birkin ya dawo daram, kuma wannan ne ya fi ban tsoro, domin wani sai ya ce aljanu ne ya ci gaba da tafiya. A canza man birki duk shekara biyu, ko motar ta yi tafiya ko ba ta yi ba.

Taya mai zane amma matacciya

Roba tana tsufa saboda zafi, hasken rana da iskar ozon. Tayar da ba a amfani da ita zanenta yana nan raɗau, amma gefenta ya bushe ya tsattsage. Duba gefen tayar za ka ga lambobi huɗu a jere. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Idan lambobi uku ka gani, an yi ta kafin shekarar 2000, wurinta gidan tarihi. Manyan kamfanonin taya suna cewa duk wadda ta kai shekara 10 a cire ta komai kyanta, kuma a zafi irin namu hikima ce a cire tun kafin nan.

Lagireto da tafiyar jerin gwano

Tafiyar rakiyar ango ta fi dogon gudu a titin Kaduna wahalar da tsohuwar mota. A gudu, iska ce ke ratsa lagireto ta kwashe zafi. A cunkoso kuwa sai fankar inji kawai, ita kuma a silo a hankali take juyawa.

Zariya tana sama da teku da fiye da mita 600, don haka ruwa a nan yana tafasa a kusan digiri 98. Murfin lagireto shi ke riƙe matsi ya ɗaga wannan ma'aunin ya wuce 110, kamar tukunyar girki mai matsi. Murfi mai matacciyar roba kaɗai ya isa ya sa mota tafasa. Ruwan rijiya da na burtsatse kuma yakan bar farin dutse a cikin bututun lagireto, irin wanda kake gani a gindin butar shayi, ya hana zafi fita. A yi amfani da kulant da tataccen ruwa, domin kulant yana da sinadarin hana tsatsa.

Akwai al'adar cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi. Tamostat ƙofa ce da ke rufe ruwa har inji ya ɗumama, sannan ta buɗe. Idan babu ita, inji yana daɗewa cikin sanyi, musamman da safiyar hunturu, ya ƙara shan mai da cin ƙarfe. Mota mai tafasa tana da wani dalilin daban, shi za a nema. Kunkuru kuwa ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya ta, saboda haka fanbel ɗinta shi ne ranta. In ya tsinke, tsaya nan take.

Tsatsa

Ƙarfe, ruwa da oksijin, su uku ne suke haifar da tsatsa. Zariya tana samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, yawanci daga Mayu zuwa farkon Oktoba. Taɓon da ya manne a ƙarƙashin mota yana riƙe laima kwana da kwanaki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ɗan ƙwarzanen fenti ya ishe ta. Tamfol ɗin leda ma yana tara gumi a jikin mota. A wanke ƙarƙashinta bayan damina, a ɗaga kafet a duba ƙasa, a rufe ta da yadi mai shan iska, a kuma ajiye ta a kan siminti maimakon ƙasa. Kar a manta da ɓeraye, suna son wayoyi da soson kujera.

Ranar fita

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako guda kafin biki a fito da ita a gwada birki a wurin da babu jama'a, a duba mai, ruwa, fanbel, iskar taya da fitilu. A cikin jerin gwano kada ka ɗora ƙafa a kan kuloci, zai ƙone. Idonka na kan ma'aunin zafi. In allura ta hau, ka tsaya gefe, kuma kada ka buɗe murfin lagireto sai ya huce.

Ka bar tazara mai yawa. Idan ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata yana ninkuwa sau huɗu: daga kilomita 40 zuwa 80 a awa, bambancin ba kaɗan ba ne. Waɗannan motoci ba su da na'urar hana taya kullewa, wadda ta fara yaɗuwa daga 1978, ba su da jakar iska. Mutane sukan ce tsohuwar mota "ƙarfe ce zalla". Gaskiya ne, amma motar zamani an yi ta ne ta lanƙwashe don ta shanye bugun. Ƙarfen da ya ƙi lanƙwasa, jikin na ciki yake miƙa wa bugun. Wasan gudu da jujjuya mota da samari ke yi a biki, ba da wannan ba.

Motar kawu yanzu tana fita duk bayan mako biyu, ranar Asabar da safe, ta zaga Kongo ta bi ta PZ ta dawo. Ya manna takarda a bayan murfin akwatin gaba, an rubuta ranar da aka canza man birki da baƙin mai. Idan akwai irinta a gidanku, fara da abu biyu a yau: karanta lambobin nan huɗu na jikin taya, sannan ka tambayi mai motar yaushe rabon da a canza man birki.